Tubalin Imrana

Ranar Talata, 16 ga watan Mayu 2023, na fara ganin Zara'u a birona, wato ofishina, cikin ma'aikatar magajin gari. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Tasawa. Ta kawo takardun shaidarta in buga musu hatimi, don za ta bar koyarwa ta tafi Yamai karatun masta a fannin tsara birane. Ambaliya ta cinye unguwarsu, ta ce tana son sanin inda ya kamata a yi gini.

Ina cikin aikin sai ga Imrana, malamin dabbobi na garin Isawane, wanda ke nemanta da aure. Bai zauna ba.

"Ashe da gaske ne," ya ce.

"Shekara biyu ce kawai, Yaya Imrana."

"Na buga tubalin ɗakinki, Zara'u. Na ƙasa ne. In ba a ɗora shi ba, ruwan farko zai mayar da shi laka."

"To ka gina, ka jira ni a ciki."

Ya yi murmushi, idonsa kan hatimina. "Ɗakin amarya, gwauro ya fara kwana ciki? Isawane za ta samu abin dariya."

Ta daɗe tana kallonsa, tana murza bakin gyalenta. Sannan ta turo mini takardar ƙarshe.

"Malam, saura wannan."

Na buga.

Imrana ya auri wata bayan kaka. Zara'u ta gama karatu, yanzu tana aikin fitar da filaye da magudanan ruwa a Maraɗi. In ta zo, takan tambaye ni lafiyar kowa, ban da shi.