Mai Tuge Gyaɗa

Zauna, Sabi'u. Na ji ka ce gobe za ka cire 'yarka Hindatu daga sabuwar makarantar nan, wai wata huɗu ke nan ba ta iya rera ko karatu ɗaya da ka ba, sai auna kunyar gona da igiya da yi wa malama tambaya, alhali 'ya'yan maƙwabta suna ta zubo hadda. Tsoronka kada ta tashi ba ta san komai ba. Ni ma abin yana damuna, amma ka saurari wannan tukuna.

An yi wani manomi da bai taɓa noma komai ba sai gero. Wata shekara ya sayar da akuyarsa ya sayi irin gyaɗa, ya shuka gonarsa kaf. Damina ta yi nisa, geron maƙwabcinsa ya fi mutum tsawo, kowa ya wuce sai ya yaba. Tasa kuwa tana nan kwance, ganye kawai. Da ta yi fure ya ɗan ji sanyi, sai furen ya kaɗe bai ga ɗa ko ɗaya ba. Hankalinsa ya tashi, abinci ma ya daina shiga. Matarsa ta ce a garinsu ba a sa wa gyaɗa ido, a ƙasa take aikinta. Ya ce shi ba ya yarda da abin da bai gani ba.

Ya tuge guda, ya tarar da 'yan ƙulle-ƙulle farare, ya matsa sai ruwa. Ya ce wannan ce ta lalace, bari ya duba ta kusa da ita. Haka ya riƙa yi kowace safiya, yau kunya ɗaya, gobe biyu, wadda ya tuge kuma ko ya mayar ba ta kamawa. Da kaka ta yi, kunya uku kacal suka rage a bakin ƙaya inda ya yi ƙyuyar shiga. Ya cire su, kowane gindi ya yi nauyi da 'ya'ya. Ya zauna a kan kunyar ya dubi sauran gonar, fili fetal, ya yi tagumi.

Kowace yamma kana tsare yarinyar nan da tambaya har ta fara ɓuya in ta ji muryarka, gobe kuma za ka tuge ta gaba ɗaya. Hausawa dai sun ce, garin neman gira akan rasa ido.