Janaretan Baba

"Tsohon janaretan nan ya cika shan mai," wata injiniya ta faɗa wa abokin aikinta a waya. "Sa shi a kasuwa mu ga nawa zai yi."

Tun safe tana falo tana gwada kasuwar lantarki a kwamfuta: kowane janareta da ke cikin gwajin ya faɗi farashin wutarsa, mai araha ya samu ciniki.

Ana dab da nuna wa oga sakamakon, ɗif aka ɗauke wuta, ga batirin kwamfutar ya yi ja. Ta ruga tsakar gida don ta tada janareta. Wayam!

"Baba, an sace janareta!"

Baba ya gyara zama yana murmushi. "Wa ya isa? Ina jin ki sarai. Na kai shi gidan kawunki. Sayar mu gani!"