Takalmin Yaya Mai Tsini

Ina jin Yaya ta shiga wanka, na zura ƙafata cikin sabon takalminta mai tsini, wanda saurayinta ya kawo mata. Komai mai kyau a gidan nan nata ne. Ni kuwa sai tsohon kambas ɗina da ya gama shan duniya.

"Ina takalmina?" ta tambaya da ta fito.

"Mota na jira, Yaya. Sa nawa kawai."

Ta sa ba musu. Daɗi ya kashe ni. Yau za mu je yawon buɗe ido, mu zaga tsohon gari a ƙafa, kuma yau ni za a kalla a hoto.

Ba mu yi rabin awa ba na gane kurena. Lungunan duk shimfiɗar duwatsu ne, tsinin sai maƙalewa yake a tsakaninsu. Ga matakala ba iyaka. Kafin rana ta take, diddigena ya saɓule. Yaya kuwa tana can gaba abinta, mai yi mana jagora sai yaba ta yake: "Ga wadda ta san takalmin yawo!"

Na zube a kan wani dakali, na cire takalmin ina hawaye.

"Yaya, ki yafe min. Ƙyashi ne ya sa na ɗauka."

Ta tsuguna ta duba ƙafata, tana danne dariya.

"Auta, kwana uku ina ajiye shi a bakin ƙofarki. Da roƙon kambas ɗin nan na yi, da za ki ba ni?"