Cikin da Ya Ji Kunyar Suruki

Ka ce an sha yi maka tausar cikin nan bai sauka ba, har ka fara zargin hannun mai yi. Kafin ka sauya hannu, ji wannan.

Wani manomi ne, sabon aure, ya je taya surukinsa noma ana tsakiyar damina. Da rana ta take aka kawo ɗan wake. To ka san mutum ba ya cin abinci a idon suruki. Sai ya ja kwanonsa bayan rumbu ya ci a tsaye, haɗiya ba tauna, kunnensa na wajen takun tsohon. Kafin la'asar ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana murɗa masa har gumi ya jiƙa riga. Duk ƙauyen kuwa mutum ɗaya ne ya iya tausar ciki, kuma shi ne surukin. Aka shimfiɗa tabarma a zaure aka kwantar da shi, tsoho ya narkar da man kaɗe a tafin hannu. Shi ango ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Tsoronsa kada cikin ya yi ƙugi, ko iska ta kuɓuce masa a gaban uban matarsa. Sai ya ɗaure ciki, ya riƙe numfashi, ya cije haƙora. Tsoho ya danna, ciki ya turo hannun. Ya bi ta gefen cibiya a hankali kamar mai lallashin jinjiri, ya tarar da dutse. Ya ce, "Ina ne ke maka ciwo?" Ango ya ce, "Babu komai, Baba, da sauƙi." Yana faɗa jijiyoyin wuyansa a tsaye. Tsohon ya daɗe a sana'ar, ya taɓa ganin cikin da ya ƙi hannu haka, kuma ya halarci jana'izar mai shi. Ya goge hannu ya ce yana tsoron hanji ne ya murɗe, wannan ya fi ƙarfin man kaɗe, sai asibiti. Asibitin yana ƙetaren gulbi, gulbin kuwa ya cika ya batse, bai daɗe da tafiya da saniyar wani ba.

Mai fito ya ƙi, sai da tsohon ya haɗa shi da Allah. Aka sa mara lafiya a kwalekwale, suruki ya durƙusa kusa da shi, hannunsa bai bar kan cikin ba. Amarya na bakin gaɓa, hannu biyu a ka. Ango ya ga jan ruwan, ya kuma san kalma ɗaya za ta mayar da su zaure, amma da wane baki? A tsakiyar gulbi wani kututture ya daki jirgin, ya juya shi, ruwa ya fara shiga. Tsoho na kwarfar ruwa da hularsa da hannu ɗaya, mai fito na salati. Da ƙyar hancin jirgin ya taɓa yashi. Kowa ya sauke ajiyar zuciya, har da angon, wanda tun azahar bai yi cikakken numfashi ba. A wannan ɗan lokacin ya manta hannun wa ke kansa. Ciki ya yi laushi kamar ƙullu, ya yi ƙugi mai tsawo, sannan abin da aka tsare tun rana ya sami hanya, da sautin da masu jiran fito ba su nemi a yi musu bayani ba. Ciwon ma ya bi shi. Tsoho ya matse hularsa, ya dubi ruwan da za su sake ƙetarawa, ya ce, "Da a zaure ka yi wannan, da mu biyu ne kawai muka ji."

Har yau a ƙauyen akwai masu cewa sammu aka yi masa, ruwan gulbi ya karya. Ba na musu da su. Na dai lura hannun da ya kasa a zaure shi ne ya yi aiki a kan yashi, man kaɗen ma ba a ƙara ba. Hanji ba ya tafiya muddin mai shi na tsaye yana gadi. Saboda haka in ka koma wurin mai tausarka, ka bar kunya da fargaba a bakin ƙofa tare da takalmanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.