Hannun Marini

Shamuni ta danna hannayen ɗanta cikin kwatarniyar shuni har gwiwar hannu, ta riƙe su a can da ƙarfinta duka.

"Umma, yana cin fata," in ji Yaunan.

"Ya ci mana. Shekara talatin kana da hannu kamar na amarya, yau dai ka yi aiki."

Kwana uku ke nan da Farisawa suka shigo garin. Kwana biyun farko takobi ne da wuta. A na uku aka yi shela cewa kisa ya tsaya, kowace unguwa ta fito dandali a tantance mazanta. Masu sana'a za a kora su Farisa su gina wa sarkinsu birane. Sauran kuwa ana fita da su ta ƙofar kogi, kuma babu wanda aka ga ya dawo.

Yaunan ba shi da sana'ar da za ta yi wa Bafarishe amfani. Wasiƙu yake rubuta wa mutane a bakin coci. Ko lokacin da aka raba wa kowace ƙungiyar masu sana'a hasumiyar da za ta tsare a kan ganuwa, shi ba a kira shi ba, saboda tarin da yake fama da shi tun ƙuruciya.

Da safe Shamuni ta tsaya cikin mata ta kalli yadda aka tantance unguwar gabas. Ta ga an miƙa wa magini guduma an ce ya sassaƙa dutse. Ta ga an sa maƙeri ya hura wuta, ya kasa, an ja shi. Amma duk wanda aka ga shuni a hannunsa, ko tambaya ba a yi masa. Sai a kai shi inuwar shirayin coci, a ba shi gurasa da ruwa, sojoji su kewaye shi kamar dukiya. Wannan kaɗai ce sana'ar da ba a gwadawa, kuma ita kaɗai ake iya koya kafin azahar.

Shi ya sa ta jawo Yaunan ta lunguna, suna tsallake gawarwaki, har karofin da ke bayan kasuwa.

Ba su kaɗai ba ne a wurin. Tsohon marini Barlaha yana zaune a ƙasa, yana gurza bayan hannunsa da dutse. Fatar ta saluɓe, jini yana bin yatsunsa, bai daina ba.

"Ba ya fita," yake cewa, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ba ya fita."

Shamuni ta tausaya masa. An ce 'ya'yansa uku sun mutu a kan ganuwa ranar da aka ci garin. Tsoho irinsa, gara a binne shi kusa da su da a kai shi ƙasar da ba ya jin harshenta.

"Sannu, Baba," ta ce. "Kai ka gama naka. Ɗana ko aure bai yi ba."

Ta fiddo hannayen Yaunan ta bar iska ta buge su har suka rine, ta sake tsomawa. Sau biyar. Ta cusa masa shuni a ƙarƙashin farce da tsinke, ta goga toka don launin ya yi kama da na shekaru. Tabon tawada da ke yatsansa ya ɓace a ciki.

Rana ta take tsaka lokacin da aka jera mazan unguwarsu. Wani hafsa yana tafe a hankali, tafinta a bayansa, mutumin garin Nasibin mai jin harshen su Shamuni. Shamuni tana ƙirga mutanen da suka rage kafin a iso kan ɗanta. Bakwai. Huɗu. Tari ya taso wa Yaunan, ya danne shi har idanunsa suka kawo ruwa. Ta roƙi Maryama kada tarin ya fito.

Hafsan ya tsaya. Ya ɗaga hannun Yaunan da kan sandarsa, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi nuni da haɓa wajen shirayi.

Shamuni ta gode wa Maryama a ranta. Daga inda take tana hango shi a inuwa yana cin gurasa da hannu biyu. Shi kaɗai ke ci. Sauran sun ajiye tasu a cinya, kawunansu a sunkuye.

Da tafintan ya zo wucewa, ta kama bakin rigarsa.

"Ɗan'uwa, don girman Almasihu. Yaushe ayarin marina zai tashi? Zan bi su a ƙafa. Na iya tuya, na iya wanki, ba zan zame wa kowa kaya ba."

"Wane ayari, Inna?"

"Na Farisa. Ɗana na cikinsu. Ga shi can, mai ci."

Mutumin ya dubi shirayin, ya dube ta. A hankali ya zare rigarsa daga hannunta.

"Waɗancan ba inda za su," ya ce. "Marina ne suka tsare hasumiyar gabas. Su suka tafasa ruwan rini suka kwarara wa ɗan shugaban yaƙi a kan tsani, ya yi yini biyu yana ihu kafin ya cika. Uban ya rantse duk mai shuni a hannu sai ya mutu irin wannan mutuwar, shi ya sa ake ba su abinci, don su kai gobe."