Ruwan da Ba Mai Ɗiba

Yau ma an tarar da famfon a buɗe, ruwa na zuba ƙasa, ba bido, jarkar ɗibar ruwa, ko ɗaya a gindinsa. Biba, tsohuwar da ke shugabantar komiten ruwa, ta tsaya cikin caɓi ta dubi Iro mai gadi.

"Malam Iro, kai da idonka biyu?"

"Gwaggo, salla na tahi. Ita ma in bar ta?"

Bara aka yi gwanjon aikin ruwan a meri, ofishin magajin garin Deule. Wani irin gwanjo ne na juye: kamfani uku suka zo, wanda ya yarda ya ba da ruwa mafi araha shi ya ci. Aka kafa fanunan rana masu ba injin ruwa wuta, aka ɗora shato, babban tankin ruwa, mata suka rataye igiyar rijiyar nan mai zurfi da ta cinye tafin hannun Biba tun tana amarya.

Sharaɗin kuwa, sakatare ya karanta shi da rana tsaka, rabin mutane na gyangyaɗi. Kontar, agogon nan mai ƙirga ruwa, ita ke faɗin abin da za a biya kamfani. Garin da kontarsa ta yi sanyi, ba ta ƙirga ruwa da yawa, a kwance fanunan a kai wa masu so.

Sai damina ta sauka. Tabki ya cika, ga shi kusa, ga shi kyauta. Kowa ya koma can. Daga nan fa ɓarnar ta soma.

Aka zargi makiyaya. Aka zargi Munir, wakilin kamfani, tunda shi zubar ruwan ke wa amfani. Sai aka tarar yana can garin Madawa yana jinyar uwarsa. Rabin kuɗin ruwan da ya zube kuwa asusun gari ke biya, shi ya sa kowane taro ke tashi da zagi.

Biba ba ta taɓa fashin taro ba. Kullum ita ce ta farko a wurin ɓarna, bakin zaninta a jiƙe, tana faɗa har murya ta dushe.

Ƙarshe dai maigari ya gaji, ya sallami Iro. Bawan Allah ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa, ga iyali, ga hatsi bai nuna ba. Da marece Biba ta aika wa matarsa tiya biyu ta gero, ta ce kada a faɗi daga wa.

"To, wa za shi gadi?" in ji maigari.

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Ku bar mini," in ji Biba. "Tsohuwa ko'ina ta shimfiɗa ta yi sallarta."

Washegari ladan ya kira azahar, hanya ta yi tsit. Biba ta leƙa kontar, tun safe ba ta motsa ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta murɗe famfon har ƙarshe. Yau kam ba sai ta laɓe bayan danga tana jiran Iro ya tafi masallaci ba.