Kwalbar da Na Ba da Ajiya

Saura kwana uku a yi gasar kimiyya ta jami'o'i, firizar ɗakin gwajinmu ta lalace. Bakteriyar da muka shekara muna sauya wa halitta don ta gano gurɓataccen ruwa ta mutu murus.

Mataimakiyata ta share hawaye. "Shugaba, ai ka ba 'yan jami'ar da muka haɗa gwiwa da su ajiyar irin bakteriyar a kwalba."

Kafin in buɗe baki ta kira su. Shugabarsu da kanta ta kawo kwalbar cikin ƙanƙara. "Ko buɗewa ba mu yi ba," in ji ta. "Amana ce."

Abokaina suka ɗaga ni sama, wai ni mai hangen nesa.

Ina can sama ina neman bakin gaya musu cewa, don tsoron a sace mana aiki, ruwan famfo na ɗura a kwalbar.